Ciwon Sukari A Ƙuruciya: Da Zafi-zafi Akan Bugi Ƙarfe

Har zuwa 'yan shekarun baya, idan aka ambaci ciwon sukari a ƙasar Hausa, hoton da ke fara zuwa wa mutum shi ne na dattijon attajiri ko tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya, wanda aka hana wa shan shayi da sukari, ake kuma ɗora masa tukunyarsa daban. Ana ɗaukarsa ciwon tsufa, kuma ciwon masu hali. Amma duk wanda ya leƙa layin ganin likitan masu ciwon sukari a manyan asibitocinmu a yau, zai tarar da fuskokin da ba a saba gani ba a wurin. Ga ma'aikacin banki ɗan shekara talatin da 'yan kai, ga malamar makaranta da goyon ɗanta na biyu, ga ɗan kasuwar da bai daɗe da angwancewa ba, wani lokaci har da ɗalibin jami'a.

Abin da galibin waɗannan matasa ke ji a ranar da aka miƙa musu sakamakon gwaji, musamman daga bakin 'yan uwa da abokan arziki, shi ne sun gamu da ciwon mutu-ka-raba. Sai dai a yi ta haɗiyar ƙwaya, a daina shan zaƙi, a koma cin alkama, a jira abin da hali zai yi. Wannan magana ta dace da ilimin da ake da shi shekaru ashirin da suka wuce, amma binciken da aka gudanar daga 2011 zuwa yau ya yi mata gyara. An tabbatar cewa mai nau'i na biyu na ciwon sukari, wanda bai daɗe da kamuwa ba, kuma yake ɗauke da kitsen da ya fi ƙarfin jikinsa, yana iya sa ciwon ya lafa, sukarinsa ya sauko ƙasa da mizanin ciwo ba tare da magani ba, matuƙar ya rage nauyi sosai. Sai dai wannan dama tana da wa'adi, kuma babu wanda ya kai matashi asara idan ta wuce shi.

Mu fara da girman matsalar. Ƙungiyar IDF, wadda ta haɗa ƙungiyoyin yaƙi da ciwon sukari na ƙasashen duniya, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum miliyan 589 masu shekara 20 zuwa 79 ne ke da ciwon, wato kusan mutum ɗaya cikin tara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nau'i na biyu ne. A yankin Afirka ta ƙiyasta miliyan 25, waɗanda kusan uku cikin huɗunsu ba su ma san suna da shi ba. A nan gida, nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, ya gano kusan kashi 6 cikin 100 na 'yan Nijeriya na da ciwon. Arewa maso yamma ce ke da mafi ƙarancin kaso, kashi 3 cikin 100, arewa maso gabas kuwa na dab da kashi 6. Daga cikin abubuwan da nazarin ya danganta da ciwon akwai zaman birni, da rashin motsa jiki, da irin cimar da ake ci. Waɗannan kuwa su ne ainihin rayuwar ma'aikacin ofis a Kano da Kaduna da Abuja.

Me ya sa lamarin matashi ya fi tayar da hankali? Saboda ɓarnar sukari a hankali take taruwa, shekara bisa shekara, a cikin jijiyoyin ido da ƙoda da zuciya da ƙafa. Wanda ya kamu yana ɗan shekara 65 mai yiwuwa ne ya ƙarasa rayuwarsa kafin ɓarnar ta kai intaha, amma ɗan shekara 30 yana da shekaru masu yawa a gabansa da ciwon zai yi ta ci. Wani babban nazari da aka wallafa a 2023, wanda ya duba bayanan mutum miliyan ɗaya da rabi a ƙasashe 19 masu arziki, ya nuna cewa a lissafin Amurka wanda aka gano masa ciwon yana da shekara 30 yakan rasa kimanin shekara 14 na tsawon rai idan aka kwatanta shi da marar ciwon, mai shekara 40 ya rasa 10, mai 50 kuwa 6. Haka nan binciken TODAY na Amurka, wanda ya bibiyi yaran da suka kamu da nau'i na biyu tun suna samari, ya ba da rahoto a 2021 cewa kafin su wuce matsakaicin shekara 26, kashi 60 cikin 100 sun riga sun samu illa a ido ko ƙoda ko jijiya, kusan biyu cikin uku kuma suna da hawan jini. Idan haka ta faru a inda asibiti ya wadata, mai karatu ya auna halin da magidancinmu zai shiga idan ƙodarsa ta gaza yana da shekara 48, 'ya'yansa na tsakiyar karatu, ga wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako daga aljihunsa.

Ba za a gane yadda rage nauyi ke aiki ba sai an san yadda ciwon ke ɗaure mutum. Duk abincin da ke da sitaci, tuwo ne ko shinkafa ko burodi ko doya, idan ya narke a ciki sukari yake komawa, ya shiga jini. Akwai wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka, ya kuma umarci hanta ta dakata da zuba nata sukarin a jini. Idan mutum ya yi shekara da shekaru yana cin abin da ya fi wanda jikinsa ke ƙonawa, rarar takan koma kitse. Da farko a ƙarƙashin fata ake ajiye shi, inda ba ya yin ɓarna mai yawa. Idan wannan rumbu ya cika, sai kitsen ya fara taruwa a hanta. Hantar da kitse ya cika ba ta jin umarnin insulin, sai ta yi ta zuba sukari dare da rana, shi ya sa mutum zai kwana bai ci komai ba, ya wayi gari sukarinsa na sama. Daga hanta kuma kitsen ke malala zuwa fankiriyas, ya kashe wa ƙwayoyin da ke yin insulin kuzari.

Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da ke Ingila ne ya gabatar da wannan bayani a 2008, sannan ya ce idan har haka ne, to kwashe kitsen zai warware ƙullin. A 2011 ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi da mutum 11 waɗanda ba su kai shekara huɗu da ciwon ba. An taƙaita musu abinci zuwa kalori 600 a rana har mako takwas, alhali baligi yakan buƙaci wajen 2,000 zuwa 2,500. Cikin mako ɗaya sukarinsu na safe ya dawo daidai, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta nuna kitsen hanta ya zube, kafin mako na takwas kuma fankiriyas ta farfaɗo. Ashe ƙwayoyin da ake zaton sun mutu, a shekarun farko suma suka yi.

Mutum 11 ba su isa hujja ba, don haka Taylor da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka shirya babban gwaji mai suna DiRECT a ƙananan asibitoci 49 na Birtaniya, da mutum kusan 300 masu shekara 20 zuwa 65, waɗanda ba su wuce shekara shida da ciwon ba. Rabinsu aka bar su a kan kulawar da aka saba. Sauran rabin aka dakatar musu da maganin sukari, aka ɗora su a kan miya da abin sha na musamman mai kalori 850 ko ƙasa da haka kaɗan a rana, na wata uku zuwa biyar, sannan aka dawo musu da abinci sannu a hankali. Sakamakon da ya fito a Disambar 2017 ya nuna bayan shekara ɗaya ciwon ya lafa ga kashi 46 cikin 100 na rukunin da suka rage cin abinci, a ɗaya rukunin kuwa kashi 4 kacal. Abin lura shi ne yadda nasarar ta bi yawan nauyin da aka sauke. Cikin waɗanda suka rage ƙasa da kilo 5, kashi 7 ne suka dace. Kilo 5 zuwa 10, kashi 34. Kilo 10 zuwa 15, kashi 57. Waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye, kashi 86. Cikin waɗanda nauyinsu ya ƙaru babu ko mutum ɗaya.

Gwajin da ya fi kusa da batun matasa shi ne DIADEM, wanda aka yi a ƙasar Katar aka wallafa a 2020. An ɗauki 'yan shekara 18 zuwa 50 daga ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, waɗanda ba su wuce shekara uku da ciwon ba. Sun rage kimanin kilo 12 cikin shekara, kuma ciwon ya lafa ga kashi 61 cikin 100, alhali a rukunin da aka bari kan kulawar yau da kullum kashi 12 ne. Ƙarancin shekaru da kama ciwon da wuri sun ƙara yawan masu nasara. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta fara gwada wannan tsari a asibitocinta a 2020, ta kuma faɗaɗa shi zuwa duk faɗin ƙasar a 2024. Darasin a fili yake: gwargwadon daɗewar ciwon, gwargwadon yadda ƙwayoyin insulin ke wuce farfaɗowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce ai shi ba ƙato ba ne, kuma ya san ƙatti da dama da ba su da ciwon. Gaskiya ne, domin rumbun kowa da girmansa, kuma gado na da hannu a ciki. Wani jikinsa na iya ɗaukar kilo 120 ba tare da kitse ya shiga hanta ba, wani kuwa a kilo 75 rumbunsa ya riga ya cika. A wani gwaji da Taylor ya wallafa a 2023, cikin mutum 20 masu nau'i na biyu waɗanda ba a lissafa su cikin masu ƙiba, 14 ciwonsu ya lafa bayan sun rage 'yan kilo kaɗan. Saboda haka teɓa ta fi sikeli faɗar gaskiya. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya samu igiya, ya auna tsawonsa daga ƙasa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita dab da saman cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya wuce kima. Haka kuma wanda ya san ya ɗora kilo 15 tsakanin shekarar hidimar ƙasa da yau, ya riga ya san inda zai dosa.

A nan wajibi ne a ja layi, domin ba kowane matashi mai ciwon sukari wannan bayani ya shafa ba, kuma kuskure a nan rai yake ci. Nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da samari, garkuwar jiki ce ke hallaka ƙwayoyin insulin, kuma babu tsarin abincin da ke dawo da su. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, horon yunwa aka riƙa yi wa irin waɗannan yara, bai kuma hana su mutuwa ba. Duk wanda ya ce wa mai nau'i na ɗaya ya ajiye allura ya riƙe abinci ko jiƙo, to kabari yake haƙa masa. Akwai kuma wani nau'i da ke kama siraran matasan da suka taso cikin ƙarancin abinci mai gina jiki, a Afirka da Asiya, wanda IDF ta amince da shi a matsayin nau'i na biyar a taronta na birnin Bankok a Afrilun 2025. Wanda tamowa ta raunana masa fankiriyas tun yana yaro, ba shi da kitsen da zai sauke. Bugu da ƙari, ramar da ke zuwa da kanta tare da ƙishirwa da yawan fitsari da kasala alama ce ta sukari ya yi mugun hawa, jiki na cin kansa, kuma asibiti take buƙata a ranar. Mataki na farko ke nan: likita ya tantance wane nau'i ne.

Idan an tabbatar nau'i na biyu ne kuma akwai teɓa, sai a dawo kan akushi. Babbar matsalar da ke tattare da shawarar da aka saba bayarwa a gidajenmu ita ce ta mayar da hankali kan sunan abinci, ta manta da yawansa. Mutum zai bar malmala biyu ta tuwon shinkafa, ya koma malmala uku ta tuwon alkama, yana jin magani yake ci. Alkama sitaci ce, kuma idan aka niƙa ta ta yi laushi, yadda take ɗaga sukari bai bambanta sosai da na sauran tuwo ba. Acca da dawa da gero da ba a surfe ba suna da falalar dusa, amma su ma hatsi ne, idan aka cika kwano da su sukari za su koma. Zuma, wadda wasu ke zubawa a shayi da sunan sun guje wa sukari, kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, busasshen dabino kuma wajen kashi biyu cikin uku. Ga kuɗin da ake kashewa wajen sayen alkama da acca, alhali rabin malmalar tuwon dawar da kowa ke ci a gidan, da miya mai yawan ganye, ta fi su amfani. Mai ciwon sukari ba ya buƙatar tukunya daban, faranti daban yake buƙata.

Wurin da ya fi saurin ba da riba shi ne abin sha. Lemon kwalba yakan ƙunshi kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100, wato robar rabin lita na ɗauke da giram 50 ko fiye, kimanin cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da baligi ke ƙarawa a cimarsa kada ya wuce kusan wannan adadi a yini guda, kuma zai fi kyau ya tsaya a cokali shida. Mai shan roba ɗaya kullum bayan abincin rana ya sha kilo ɗaya da rabi na sukari a wata, kuma bai ji ya ƙoshi ba. Lemon malt da ruwan 'ya'yan itace na kwali duk tafiyarsu ɗaya. Namu na gida ma ba su tsira ba: zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lamurje da fura yadda ake dama su don sayarwa, sai shayin teburin mai shayi da madarar gwangwani da sukari cokali huɗu. Zoɓo da citta da kanumfari ba sukari abin sha ne mai kyau, haka kindirmo tsagwaronsa. Harshe yakan yi gardama mako biyu ko uku, daga nan ya saba.

Game da faranti kuwa, akwai ƙa'ida mai sauƙi da masana abinci ke koyarwa. A raba shi huɗu: kashi biyu ganye da kayan lambu, kashi ɗaya abinci mai gina jiki, kashi ɗaya hatsi ko doya ko dankali. A wannan fanni ƙasar Hausa ba ta da abin roƙo a wurin kowa. Muna da zogale da rama da tafasa da alayyafo da yakuwa da lalo, ga kuɓewa da kuka da kabewa da yalo da kabeji. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli yana cika ciki ba tare da ya ɗaga sukari ba. Wake na daga cikin abincin da sukarinsa ke shiga jini a hankali, don haka alala da dafaffen wake da faten wake mai ganye sun fi burodi da taliyar leda nesa ba kusa ba. Ƙwai da kifi da kaza da nama marar kitse su cike gurbin. Abin da ake yawan mantawa shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja na da kalori wajen 120, kuma giram ɗaya na mai ya ninka giram ɗaya na sukari kalori fiye da sau biyu. Miyar da mai ke iyo a kanta, da ƙosai da waina da funkaso da soyayyar doya, ko da ba su da zaƙi, su ke hana teɓa sauka. Wanda ya rage kalori 500 zuwa 600 a kullum yakan sauke kimanin rabin kilo a mako, wato cikin wata shida ya doshi kilo goma.

Motsa jiki shi kaɗai ba kasafai yake sauke kilo goma ba, domin tafiyar kusan awa ɗaya ce ke ƙone abin da roba ɗaya ta lemo ta zuba. Amfaninsa shi ne yana sa tsoka ta ja sukari daga jini, kuma yana taimakawa kada nauyin da aka sauke ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla minti 150 a mako. Ma'aikacin da ke fita daga gida zuwa mota, daga mota zuwa kujera, daga kujera zuwa majalisar dare inda ake jiran tsire da shayi, zai iya farawa da tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan kowane cin abinci, lokacin da sukari ke kan hawa.

Alal haƙiƙa, abin da ya fi wahala a wannan tafiya shi ne idon jama'a. A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce. Ango ya yi teɓa wata shida bayan biki, sai a yaba wa amarya da iya girki. Idan kuwa magidanci ya sauke kilo 12, tambayoyi za su fara: lafiya kuwa? Ko kasuwa ce ta karye? Ko matar ce ba ta kula da shi? Wasu ma har su fara raɗe-raɗin wata cuta. Uwa za ta aiko da fura da man shanu don a ceto ɗanta. A ɓangaren mata abin ya fi muni, domin akwai masu sayen magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarai irin su dexamethasone, da aka san suna ɗaga sukarin jini. Matashin da zai rage nauyi sai ya fara zaunar da mai ɗakinsa da mahaifiyarsa ya yi musu bayani, matashiya kuma ta samu goyon bayan maigidanta. Wanda ke zuba abinci a faranti ya fi likita iko a kan wannan ciwo. Kuma tun da ciwon na bin jini, gyaran tukunyar gida rigakafi ne ga yaran da ke ci daga cikinta.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya watsar da magungunansa. A gwaje-gwajen da aka ambata likitoci ne suka dakatar da magani, suna bibiyar jini. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, idan ya rage abinci bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70, ya kama karkarwa da gumi, har ya suma. Maganin hawan jini ma kan buƙaci gyara idan nauyi ya sauka. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda kada su shiga tsananin rage abinci. Mai niyyar azumin Ramadan ya ga likitansa makonni kafin watan ya kama, ya kuma lura cewa buɗe-bakin kunu da ƙosai da soye-soye da zoɓo mai sukari na iya rushe aikin wata uku. Ma'aunin nasara kuma a rubuce yake. Manyan ƙungiyoyin likitocin sukari na Amurka da Turai sun amince a 2021 cewa ciwon ya lafa idan gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, ya tsaya ƙasa da 6.5 bayan aƙalla wata uku ba magani. Mai sikila ko ƙarancin jini ya sanar da likita, domin wannan gwaji na iya ba da sakamakon da ba daidai ba a jikinsa.

Dole kuma a faɗi ɗaya ɓangaren. Lafawa daban, warkewa daban. A gwajin DiRECT kashi 46 na shekarar farko sun koma 36 a shekara ta biyu, kuma rahoton shekara biyar da ya fito a 2024 ya nuna kashi 13 ne kawai cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya ciwonsu ke kwance. Dalili ɗaya ne ya fi yawa, nauyin ne ya dawo, ciwon ya biyo shi. Jiki yakan yi ƙoƙarin maido da abin da ya rasa, yunwa ta ƙaru, don haka riƙe nauyin ya fi sauke shi wuya. Wanda ciwonsa ya lafa zai ci gaba da hawa sikeli kowane mako, da gwajin jini da ido da ƙoda da ƙafa kowace shekara. Wanda kuma ya yi iya ƙoƙarinsa ciwon bai lafa ba, bai yi asara ba, domin rage kashi 5 cikin 100 na nauyi ma yana sassauta sukari da hawan jini, yana rage yawan ƙwayoyin da ake sha. Shan metformin ba abin kunya ba ne. Akwai kuma sababbin allurai irin su semaglutide da tiyatar rage tumbi ga waɗanda likita ya ga sun dace, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin mafi yawan jama'armu.

Akwai aikin da ya wuce na mutum ɗaya. Miyar kwali da aka yi amfani da ita a Birtaniya da Katar ba abin da ɗan albashi zai dogara da shi ba ne a nan. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin sukari da masana abinci da za su iya tsara irin wannan shiri da wake da zogale da nono da kifi, su gwada shi a kan mutanenmu, su fitar da awo da ludayi da malmala yadda uwargida za ta gane. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa. Ya kamata ganin masanin abinci da gwajin HbA1c su zama abin da mai inshora ke samu ba wahala, domin sun fi wankin ƙoda araha nesa. Harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo ya yi kaɗan ƙwarai idan aka auna shi da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta harajin da zai ɗaga farashi da kashi 20 cikin 100, kuma ya dace a riƙa karkatar da kuɗin zuwa rigakafi. Su ma shugabannin ma'aikatu da ke raba lemo da cincin da kek a kowane taro, ruwa da gyaɗa da 'ya'yan itace ba za su rage musu daraja ba.

Ga wanda bai taɓa gwaji ba, ƙungiyar likitocin sukari ta Amurka ta ba da shawarar a fara daga shekara 35, ko kafin haka ga mai ƙiba da ke da ciwon a danginsa, ko hawan jini, ko macen da sukarinta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki. Gwajin safe kafin karin kumallo ba ya cin minti biyar. Idan ya nuna 126 ko fiye har sau biyu, ciwon ne. Idan ya tsaya tsakanin 100 da 125, gargaɗi ne, kuma wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna masu irin wannan matsayi da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Ga wanda kuwa aka riga aka ba shi sakamako a bana ko bara, shekarun nan na farko su ne jarinsa. Ya koma wurin likitansa da tambaya guda biyu: wane nau'i ne nawa, kuma kilo nawa ya kamata in sauke? Allah Ya ƙara mana lafiya.